Baba Falalu da Man Marayu

Ban taɓa kama Baba Falalu da ƙarya ba, ban kuma taɓa jin wanda ya kama shi ba. Amma idan aka ce in nuna mutum ɗaya a Kano da gaskiyarsa ta sa mini ciwon kai, shi zan nuna ba tare da na waiwaya ba. Direban mahaifinmu ne, tun kafin in shiga firamare yake gidanmu a Nassarawa. Shi ya riƙa kai ni makaranta, shi ya ja motar da ta kai ni gidan miji, saboda haka ina da hakkin in yi ƙorafi a kansa, kuma zan yi.

Mutumin wani ƙauye ne a gabashin Gumel. Da yaron mota ya fara, a manyan motocin da ke kai shanu kudu, ya koyi tuƙi a hannun wani ubangida da ba ya maimaita magana sau biyu. Ina jin a nan ya ɗauko halin nan nasa: abin da maigida ya faɗa ya faɗu, ba a ƙara masa, ba a rage masa. Tuƙinsa kuwa sai mai haƙuri. Ba ya wuce kowa a titi. Mai Adaidaita Sahu zai wuce mu, mai keke ya wuce mu, ni ina baya ina cizon yatsa don na makara, shi kuwa ya ce duk inda za su ai za mu tarar da su. A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, lokacin da maza suka shiga tsayar da gemu da ɗage wando, Abba ya ce Falalu kam ba shi da abin canzawa, shi tun da can yana ciki, mu ne muka zo muka same shi.

Abba ɗan kwangila ne, rijiyoyin burtsatse yake haƙawa a ƙauyuka. Bayan zaɓen 2007 aiki ya buɗe masa, sai ya sayi a-kori-kura irin ta zamani, fara sol, mai kujeru gaba da baya, mai shan gas. Da farko Baba Falalu ya ƙi ta. Ya buɗe bonet ya tarar an lulluɓe injin da roba, ba a ganin komai, ya ce shi bai yarda da motar da sai an jona mata kwamfuta kafin ta faɗi ciwonta ba. Ba a yi wata biyu ba ya koma ba ya son ko ƙuda ya sauka a kanta. Abba ya kafa masa doka ɗaya: duk kilomita dubu biyar a yi mata juye, a zubar da tsohon baƙin mai a zuba sabo, a canza filta. Da yake kullum suna hanya, yau Dutse gobe Abuja, dubu biyar ɗin ba ta daɗewa take cika, juye yana zuwa a kan kari ba tare da kowa ya yi tunanin wata ko shekara ba.

Kowa a gidanmu ya san motar nan ta Baba Falalu ce a ƙarshe. Abba ya sha faɗa a gabanmu cewa ranar da shi Abba ya ajiye aiki, ko aka ajiye shi a kabari, Falalu ya ɗauki mukulli ya tafi da ita. Shi kuma ya riga ya tsara abin da zai yi. Zai koma gida, ya riƙa kwaso riɗi da zoɓo daga ƙauyuka zuwa kasuwar Maigatari, idan ido ya gaza ɗansa Mamman ya karɓi sitiyari. Ba shi da gida a Kano, ba shi da fansho. Matarsa Uwani ta yi shekara da shekaru a ɗakin haya a Tudun Murtala tana jiran ranar komawa. Motar nan ita ce tsufansu gaba ɗaya.

Sai Abba ya rasu, farat ɗaya, ba jinya, kuma bai rubuta komai ba.

Mu manyan magada ba mu da ja. Ni da ƙanena Haidar da Umma duk mun ji alkawarin da kunnenmu. Amma wani ƙanen Abba ya taso da maganar wani fili a Kawaji, ya ce da haƙƙinsa a ciki, magana ta kai kotu, alƙali ya ce kada a taɓa komai sai an yi rabo. Ga kuma autarmu Ameera, lokacin ko aji biyu na firamare ba ta shiga ba. Umma ta kira Baba Falalu ta ce masa ya ci gaba da hawa motar yana harkokinsa, babu wanda zai ce masa don me. Ya durƙusa ya yi godiya, sannan ya ce Allah ya tsare shi da taka dukiyar marainiya ko da taku ɗaya ne. Ya kai motar ƙarƙashin rumfa, daidai tagar Umma, ya ja burkin hannu. Daga ranar tayoyin nan ba su sake juyawa ba.

Da ya bar ta haka nan ta yi barcinta, da ma da sauƙi. Amma direban da ya tashi a kan tsofaffin motoci ya san abu ɗaya tabbas, wato mota ba ta kwana biyu ba a ɗumama ta ba. Kullum bayan sallar asuba zai wanke ta, ya tayar da ita, ya zauna a ciki da carbinsa, ba zai kashe ba sai ya idar da laziminsa, lazimin kuwa ba gajere ba ne. Umma ta yi takabarta duka da gurnanin injin a kunnenta. Gas ɗin da yake ƙonawa kuma daga albashinsa yake saye a jarka, yana ƙarawa kaɗan kaɗan don allurar tanki ta tsaya daidai inda Abba ya bar ta.

Mijina Yahaya ne ya fara ɗaga mini hankali. A wurin aikinsu suna da irin motocin nan da yawa, ya san halinsu. Ya ce babu abin da suka tsana kamar a tayar da su a bar su a tsaye. Akwai wata matata a salansa da ke tare hayaƙi, ba ta wankuwa sai mota ta miƙe titi ta yi gudu ta yi zafi sosai. Idan ba ta samu haka ba sai ta toshe, gas kuma ya riƙa tsiyaya yana gangarawa cikin baƙin mai yana tsinka shi. Ya ce shi kansa man yana mutuwa da daɗewa, wata shida idan ya yi a zubar, ko mota ta yi tafiya ko ba ta yi ba. Dubu biyar ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa. Abba rabin farko kawai ya faɗa, don rabi na biyun bai taɓa riskarsa ba.

Na ɗauki mayafi na tafi gida. Na tarar da shi yana goge fitilun gaba da tsumma.

"Baba, an fi shekara ba a yi wa motar nan juye ba."

"Ai ba ta kai ba, Rahmatu," in ji shi, ko ɗagowa bai yi ba. "Alhaji cewa ya yi dubu biyar. Leƙa ki ga mita."

Na leƙa. Yaya za a yi mita ta motsa, motar da ba ta motsa ba? Na zayyana masa duk abin da Yahaya ya faɗa, har da matatar salansa, ya saurare ni tsaf har na gama, sannan ya ce Allah ya yi wa Yahaya albarka, yaron kirki ne. Shi ke nan amsar.

Na ce to, wataƙila nauyin sayen man yake ji. Sati na zagayowa na zo da galan na baƙin mai da sabuwar filta, na dire a gabansa, na ce kyauta ce daga aljihuna, ba daga dukiyar kowa ba. Ya dubi galan ɗin, ya dube ni.

"To wanda ke ciki fa? Ina za a kai shi?"

"A zubar mana, Baba."

"Man da Alhaji ya zuba da hannunsa, ya rasu ya bari? Ai shi ma gado ne. Ameera tana da rabo a cikinsa."

Wallahi sai da na nemi wuri na zauna. Na ce a tsiyaye shi a jarka mai tsabta, a rufe, a ajiye a ɗakin Umma har ranar rabo, idan ya so a auna wa kowa nasa da ludayi. Ban faɗi haka don wasa ba, na kai inda zan yarda a yi hakan. Ya yi nazari, har na fara murna, sai ya ce alƙali cewa ya yi kada a taɓa komai, kuma fitar da abu daga mazauninsa taɓawa ce.

Na yi juyin duniya. Na kawo limamin masallacin layinmu, wanda Baba Falalu ke bi salla sau biyar a rana. Liman ya yi dariya har da riƙe ciki, ya bayyana masa cewa gyaran dukiyar maraya ba cin ta ba ne, barinta ta lalace shi ne abin tsoro. Baba Falalu ya sunkuyar da kai yana cewa haka ne Malam, gaskiya ne Malam, ya raka shi har bakin get. Da ya dawo sai ya ce mini Malam ya san littafi, babu shakka, amma ba Malam aka damƙa wa mukulli ba, kuma ba tare za a sa su a kabari ba. Haidar ya fusata ya ce zai ƙwace mukullin da ƙarfi, Umma ta ce muddin tana raye ba za a yi wa dattijo haka a gidan mijinta ba. Mukullan motar duka biyu suna ɗaure a aljihunsa na ciki, da su yake kwana.

Shari'ar fili kuwa ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Yau a ɗage don lauya bai zo ba, gobe don ma'aikatan kotu suna yajin aiki, jibi don an canza alƙali. Ana cikin haka zaɓen 2015 ya ƙarato. Wani ɗan'uwanmu, Ashiru, da ke bin wani ɗan takara, ya zo da fara'arsa yana neman aron motar na sati biyu, za a ɗaura mata lasifika da fastoci a zaga ƙauyuka. Baba Falalu ya tsaya a gabanta ya harɗe hannu, ya ce sai dai a bi ta kansa. A wannan karon dukanmu mun ji daɗin taurin kan nasa, don mun san yadda motar kamfen ke dawowa. Da na ba Yahaya labari sai ya girgiza kai, ya ce da an bar Ashiru ya yi ta falla gudu da ita a titin Haɗeja, da ya yi mata maganin da ta fi buƙata. Ranar ban san wanda zan fi jin haushi ba a cikinsu.

Wata safiya na kai wa Umma saƙo, sai ya yafuto ni da hannu, fuskarsa cike da annuri. Ya zaro sandar gwada mai, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa, ya nuna mini. Man ya haura alamar cika da kusan yatsa guda. Ya ce shekara biyu bai ƙara ko ɗigo ba, ga shi yana ƙaruwa da kansa, in ba albarkar dukiyar marayu ba mece ce wannan? Na shinshina sandar, warin gas ya bugi hancina. Na ce masa Baba wannan ba albarka ba ce, gas ne ke zuba a ciki, abin da ake gudu ke nan. Ya yi murmushi irin na wanda ke tausayin mai ƙaramin imani. A ranar ne kuma na lura da ɗan baƙin salatif da ya manna a gaban sitiyari. Na ɓamɓare, sai ga wutar gargaɗi tana ci. Ya ce ta daɗe da kamawa, tana ɗauke masa hankali idan yana lazimi, shi ya sa ya rufe ta. Na koma motata na kifa kai a sitiyari na yi kuka don takaici.

Sai da aka shekara uku da wani abu kafin a yi rabo. Ni da Haidar muka roƙa a sa motar a cikin kasonmu, aka sa, Ameera da Umma aka ba su nasu cif a wasu kadarorin. A falon Abba, gaban shaidu, muka ce mun ba Baba Falalu ita halak malak. Ya rufe fuska da hularsa, kafaɗunsa suna rawa, muka yi ta kallon ƙasa har ya natsu. Ni kuwa ko bari ya gama godiya ban yi ba, na ce yanzu sai juye. Ya ce ai dole, yanzu kam man nasa ne, gobe da safe zai kai ta garejin Ya'u a Hotoro. Na ce a kira Ya'u ya zo gida ya yi a nan. Ya ce haba Rahmatu, nan da Hotoro, kuma ai ta yi kewar titi.

Ba ta kai ba. Shi da kansa ya ba da labari daga baya, ya ce tana hawa babban titi ya ɗan taka ta, sai ta fara wani fito, hayaƙi fari ya turnuƙe bayanta, sannan ya ji ƙara daga ƙasa kamar ana daka a turmi, ta yi shiru. Da janwe aka ƙarasa da ita.

Na isa garejin da maganata a baki. Shekara uku ina tanadin "ai na faɗa maka", na kuma yi niyyar in faɗe ta da kyau. Na tarar Ya'u ya buɗe injin. Saman duk ya daskare da wani baƙin abu kamar kwalta, abin da ya tsiyayo daga ƙasa kuma tsararo ne, sai warin gas. Ya'u ya ce inji ya buga, tobo, na'urar da ke ƙara wa inji ƙarfi, ta tafi, matatar salansa ta toshe ta koma dutse, sai dai a nemo wasu. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Baba Falalu yana tsugune a gefe, hularsa a gwiwa, ya tsufa a wuni ɗaya. Da na gan shi sai na fasa faɗar maganar. Bai tambayi abin da gyaran zai ci ba, tambaya ɗaya ya yi.

"Ya'u, tsakaninka da Allah, yau ta lalace, ko tun da?"

"Baba, wannan ai ɓarnar shekaru ce. Yau dai faɗuwa ta yi."

Ya gyaɗa kai, ya sa hularsa, ya ce mu tafi.

Washegari ya yi sallama a ƙofar falon Umma, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. Ya ce ya zo neman gafara. An ba shi amanar dukiyar magada, ta lalace a hannunsa tun tana tasu, an yi masa nasiha bai ji ba, yana roƙon kowa ya yafe masa haƙƙinsa. Umma ta ce ta yafe duniya da lahira. Aka kira Haidar a waya, shi ma ya yafe. Da aka zo kaina sai na ƙi. Na ce Baba, wa ka cuta? Kowa ya karɓi rabonsa cikakke, mu da motar ta faɗo wa mun riga mun ba ka, duk duniya babu wanda ya yi asara sai kai. Ya ce ba asara za a tambaye shi ba, amana za a tambaye shi. Ya ƙi tashi. Mutumin da ya goya ni yana durƙushe a gabana, yana jiran in yafe masa abin da bai ci mini ba. Na ce na yafe, cikin fushi na faɗa, kuma ya karɓa a haka.

Umma ta aika aka kira Ameera daga ɗaki. Ta shigo da kayan makarantarta, aka ce ta ce ta yafe wa Baba, ta faɗa tana dariya don ba ta san me ake ciki ba. Ya sa mata albarka, ta fita. Sannan ya juyo ya ce mana wannan ba ta zama ba. Yaro ba ya yafe haƙƙin dukiya sai ya balaga ya mallaki hankalinsa, waliyyinsa kuma ba shi da ikon yafewa a madadinsa. Zai jira ta girma, ya zaunar da ita ya gaya mata abin da ya yi, ta yafe da saninta. Na duba fuskar Umma ko za ta ce wani abu, na ga ita ma ta san ba a kan wannan za a juya shi ba.

Ni da Haidar muka sa aka nemo injin na hannu aka ɗora, aka canza duk abin da ya mutu. Mamman ya zo daga ƙauye ya karɓi mukulli, Yahaya ya tsare shi a bakin get yana nanata masa dubu biyar ko wata shida har sai da yaron ya haddace. Aka biya Tudun Murtala aka ɗora kayan Uwani a baya, gado da tukwane da buhunan tufafi. Ta ce ita kam ta gaji, ta yi jiran Alhaji, ta yi jiran alƙali, ba za ta zauna jiran 'yar firamare ba. Suka biyo ta gidanmu don sallama, tana zaune a gaba, ta bar wa Baba Falalu wuri a gefenta ko da zai canza shawara. Ya zagaya motar sau ɗaya, ya taɓa bonet, ya yi musu addu'ar tafiya, ya ja da baya.

Na bi shi har inda ya tsaya. Na ce Baba, don girman Allah ka shiga motar nan. Idan Ameera ta girma ni da kaina zan kawo maka ita har Gumel. Na ce ka dubi kanka, ka haura saba'in, ido ya fara gazawa, yarinyar nan kuwa da sauranta.

"Na sani, Rahmatu," in ji shi. "Shi ya sa ba zan yi nisa da ita ba."

Mamman ya ja motar suka fita, Uwani ba ta waiwayo ba.